Tanko, Ka Yi Dararka a Fili

Zuwa ga ɗana Ishaku, wanda nake kira Tanko,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata mota ta sauke ku Zariya lafiya, ka sami wurin kwana, ka kuma dace da abokan ɗaki masu tsoron Allah. Babanka yana gaishe ka. Yayyenka mata duk sun aiko da gaisuwa daga gidajen mazajensu. Ubangiji ya tsare ka a hanya da masauki, ya sa ka shiga makarantar nan ta aikin gona da ƙafar dama.

Na cusa takardar nan a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da ni. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci ne na matan majami'a. Ba labarin gida zan ba ka ba, ai yanzu ka baro shi. Magana ce nake ɗauke da ita tun kaka. Sau da yawa nakan kira ka don in faɗe ta, in ka zo ka durƙusa sai in ji bakina ya ce, "Ka ci tuwo kuwa?"

Maganar dara ce. Kai ka san abin da ya faru daga inda ka tsaya. Bari in faɗa maka daga inda ni na tsaya.

Sai na fara da kakanka, mahaifina, wanda ba ka tarar ba. Manomi ne na gaske, ba a shiga gabansa a kunya. Wata shekara, ina yarinya, ya ɗora audugarmu a jaki ya kai kasuwar auduga, aka biya shi, ya ce zai wuce Funtuwa ya sayo mana zannuwa. A can wasu suka ja shi rumfar 'yan karta. Da ƙafa ya dawo mana, ba jaki, ba riga. Kafin damina ta yi nisa rumbunmu ya zama wayam. Tafasa da rama muka yi ta ci muna jiran sabon gero, ƙanwata kuwa da nake goyo ba ta kai sabon geron ba. Tun daga nan, duk inda na hangi maza sun yi da'ira sun sunkuyar da kai ƙasa, sai in canza hanya. Ban taɓa tsayawa na leƙa abin da ke tsakiyarsu ba. Karta, ludo, dara, a wurina sunansu ɗaya, caca.

Shi ya sa ranar da na zagaya bayan rumbu na same ka, kana ɗan firamare, ka haƙa gurabe a ƙasa, ka jera 'ya'yan tsamiya a hannu ɗaya, guntayen kara a ɗayan, kana wasa kai kaɗai, ka matsa na wannan gefe ka zagaya ka matsa na wancan, ban tambaye ka komai ba. Ƙafa na sa na share guraben, na karyo tsumagiya. Ka tuna ba ka yi kuka ba? Na ɗauka taurin kai ne, na ƙara maka. Daga ranar ban sake ganin gurbi ko ɗaya a gidan nan ba, na yi ta gode wa Allah ina cewa na tanƙwara icce tun yana ɗanye. Ashe ba darar na kashe ba. Hanyar da za ka bi ka kawo mini magana ce na toshe.

Tanko, in Allah ya ba ka 'ya'ya, ko ya ɗora ka a kan mutane, kada ka hukunta abin da ba ka durƙusa ka duba ba. Laifin mahaifina ne na duka a jikinka, kai kuwa ko saninsa ba ka yi ba.

Yanzu sai ranar gobara.

Malam Ayuba, maƙwabcinmu a gona kuma dattijo a majami'armu, ya gama yankan dawa, ya ɗaure dammunansa ya tara a tsakiyar gona yana jiran amalanke. Ranar kasuwar Ƙarfi ce, gari duk ya watse. Bayan la'asar muka hango hayaƙi ya turnuƙe. Kafin mutane su kai da ganye da bokitai, noman shekara ya zama toka. Na tarar da Rifkatu matarsa, ƙawata a zumuntar mata, zaune a kan kunya ta ɗora hannu a ka. Na rungume ta muka yi kuka tare. Ban san kafin rana ta faɗi sunan ɗana za a kira ba.

Abu biyu aka haɗa maka. Da damina shanun huɗar Malam Ayuba sun shiga audugarmu, kuka yi cacar baki da ɗansa, ka ce masa, "Za ku gani," a gaban mutane. Sannan wata mata da ta je itace ta ce ta gan ka da azahar a kan keken babanka, ka bi hanyar da ta ratsa gefen gonar. Ni kuwa da safe ce mini ka yi kasuwa za ka. Aka tambayi waɗanda suka ci kasuwa, babu wanda ya gan ka.

Dattawan majami'a ne suka fara zama da kai a zaurenmu, ina bayan zana ina ji. Fasto ya yi maka magana a hankali.

"Ishaku, ba mu ce kai ne ba. Faɗa mana inda ka yini, shi ke nan."

Ka yi shiru. Babanka ya daka maka tsawa, "Kai, ba da kai ake magana ba?"

Ka ce, "Baba, ban ƙona ba."

"To ina ka je?"

Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka yi addu'a, bakinka bai buɗe ba. Washegari Malam Ayuba ya kai ƙara wurin dagaci. Aka zo aka tafi da kai aka sa ka a wani ɗaki a bayan zaurensa. Dagaci ya ce in aka yi zama ba ka faɗi inda kake ba, zai miƙa ka ga 'yan sanda a Malumfashi. Takardar shiga makarantar da kake ciki yanzu kuwa ta riga ta iso, tana cikin akwatin babanka. Babanka ya je ya durƙusa wa Malam Ayuba ya ce ya kwashe dawarmu duka. Malam Ayuba ya ce ba dawa yake nema ba, so yake ya san wanda ke zaune da shi a majami'a.

Ka tuna na kawo maka tuwo na zauna a bakin ƙofar ɗakin? Na rage murya na ce, "Tanko, mace ce? In mace ce faɗa mini, za a san yadda za a rufa asiri."

Ka ce, "A'a, Mama."

"Gidan burkutu ka je?"

"A'a."

"Taba ce kuke sha a daji?"

"Mama, ba ko ɗaya."

Na lissafo maka duk wani zunubi da na sani, kuma ko wanne ka amsa da na karɓa da hannu biyu, in dai zai fitar da kai daga ɗakin nan. Ka dube ni kamar za ka yi magana, sai ka mayar da kai ƙasa ka ce tuwon ya yi daɗi.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, ko babanka. A kan hanyata ta komawa gida, da kwanon a hannuna, na yarda kai ne. Ni da na haife ka. Na shiga ɗaki na durƙusa na roƙi Allah ya gafarta wa ɗana da ya ƙona abincin mutane. Ka ga abin da ɓoyo yake yi? In ka bar wuri babu komai, mutane sai sun zuba wani abu a ciki, kuma ba alheri suke zubawa ba. Uwarka ma ba ta tsira ba, balle baƙi a Zariya da ba su san gidan da ka fito ba.

Ranar zama ƙofar dagaci ta cika, Kirista da Musulmi, har da mutanen ƙauyukan gefe. Mu mata muna can gefe a inuwar katanga. An fito da kai, dagaci ya sake tambayarka, ka sake cewa ba ka ƙona ba, ka sake yin shiru a kan sauran. Na ga dagaci ya juya yana neman wanda zai raka ka Malumfashi. Sai ga wani tsohon Bafulatani a kan jaki, da malfa a ka, ƙafarsa ɗaya a shanye, matan ruga biyu suna biye da shi. Ban taɓa ganinsa ba. Daga baya na ji sunansa Malam Buba, kuma surukarsa mai kawo tallar nono ce ta kai masa labari. Aka sauke shi, ya dogara sanda ya zauna a gaban dagaci ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce mini kun kama abokina."

Dagaci ya ce, "Wane ne abokin naka, Baffa?"

"Wancan mai dogon wuya. Tun bai fara gemu ba yake zuwa rugata duk ranar kasuwa."

"Me yake zuwa yi?"

"Dara mana. Me kuma saurayi zai zo nema wurin tsoho gurgu?"

Tanko, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ji na yi kamar an kwaɗa mini muciya a ƙeya. Wurin ya ɗauki guna-guni, kuma ba kai aka juyo ana kallo ba, ni ce. Kowa a garin nan ya san bakina a kan 'yan dara. Na dube ka ina jira ka ce tsohon ya ruɗe, sai na ga hawaye yana bin fuskarka, kai da ba ka yi kuka ba duk kwanakin da kake tsare.

Tsohon ya ci gaba kamar hira yake a gindin itace. Ya ce, "Ranar da kuke magana ya iso ana azahar. Da la'asar ta yi na tashi na yi salla, shi yana gadin gurabe kada awaki su tattake. Mun koma wasa ke nan muka hango hayaƙi. Ya miƙe zai tafi, na riƙe masa riga na ce ba inda za ka sai mun ƙare, don ranar ina ganin zan ci shi. Ban kuwa ci ba. Ga matan gidana, su suka kawo mana fura. In rantsuwa kuke so, a kawo Alƙur'ani."

Malam Ayuba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shiri ne. Yaron nan bai san dara ba. Ɗan Saratu ne fa." Ya nuno ni da hannu.

Dagaci ya yi ɗan murmushi ya ce ai wannan ba ta da wuyar ganewa. Ya sa aka haƙa gurabe nan a ƙofar gidansa, aka kirawo ƙanensa Malam Iro, wanda aka ce ba a taɓa cinsa a garin nan ba. Aka ba shi tsakuwa, aka ba ka kara. Kafin ka durƙusa sai da ka waiwayo ka dube ni. Ban ɗaga maka kai ba, ban kuma hana ka ba.

Ranar na fara ganin dara da idona, ina da jikoki. Na yi ta jiran in ga inda ake ajiye kuɗin, ban gani ba. Babu ihu, babu zagi. Mutum biyu ne a durƙushe, kowa yana neman jera 'ya'yansa uku a layi ya ɗauke ɗan abokinsa ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro hannunka ne. Hannun da na sani da fartanya da littafin waƙoƙi, sai ga shi yana tafiya a kan guraben nan kamar a nan aka haife shi. Fuskarka ma ta sake, ta yi wani haske da ban taɓa gani a gidana ba. Na ce a raina, wannan wane ne? Ina ya girma? Malam Iro ya yi ta shafa gemu, tsakuwarsa tana raguwa, har ya watsa sauran ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba yau ya fara ba." Dagaci ya saurari matan ruga, ya ce ka tashi ka tafi gida.

Mutane suka yi ta yi wa babanka barka. Ni kuwa, ka san abin da ya fara zuwa zuciyata? Ba godiya ga Allah ba ce. Cewa na yi, yanzu da wane ido zan kalli matan zumunta? An cire ɗana daga bakin kurkuku, ni ina tunanin abin da za a ce a taron mata. Sai da muka kama hanya na ji abin da zuciyata ta faɗa, na tsaya cak a tsakiyar hanya har babanka ya tambaye ni ko ƙaya na taka. Ka yi hankali da kunyar mutane, ɗana. Tana iya girma a cikin mutum har ta fi ƙaunar ɗansa tsawo, shi bai sani ba.

Da muka isa gida ka yi wanka ka ci abinci, na kira ka ɗakina na ce, "Tanko, don Allah me ya hana ka magana? Saboda wasan ƙasa za ka bari a kai ka kurkuku, makaranta ta wuce ka?"

Ka daɗe kana murza bakin tabarma, sannan ka ce, "Mama, ai ke kika ce gara ɓarawo."

Na ce, "Ni? Yaushe?"

Ka ce shekarar da aka naɗa ni shugabar zumunta, an aike ku ku kwaso bencuna, kana tsaye a bakin taga ina yi wa mata jawabi. Ka maimaita mini maganar kamar ayar haddace: "Da in haifi ɗan dara gara in haifi ɓarawo, don ɓarawo ko ba komai yana tashi ya nema." Ka ce mata suka yi dariya suka tafa mini.

Wallahi na manta na taɓa faɗin haka. Sai da ka faɗa na ji muryata a ciki, na tuna har zanen da na ɗaura ranar. Magana ce na jefa don a yi dariya, kafin in kai gida ta fita daga kaina. Kai kuwa ka ɗauke ta ka girma da ita.

Sannan ka ce, "Na duba na ga in an ce na ƙona dawa, ƙarya ce, wata rana gaskiya za ta wanke ni. In na ce dara, gaskiya ce, kuma a kanki za ta faɗo."

Ka tuna tashi na yi na ce zan duba awaki? Bayan rumbu na je na zauna. Yanzu ga amsar da ban ba ka ba ranar. Ka yafe mini. Ban taɓa nufin gara ɓarawo ba, kuma da za a jera mini 'ya'yan duniya in zaɓa, kai zan ɗauka da dararka. In ka tsaya gaban jama'a ka ji suna tafa maka, a nan ne za ka fi riƙe harshenka, don ba ka san wanda ke bakin taga ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce fitowa fili ba ta da tsada. Kai ma ka gani. Ko da gaskiya ta bayyana cewa masu farautar gafiya ne suka sa wuta a rami iska ta kwashe ta, Malam Ayuba ya zo ya ba babanka haƙuri, amma a bakin ƙofa sai da ya ce, "To, bai ƙona ba, amma dai ɗan dara ne." Dattawa suka ce ka dakata da koyar da yara ranar Lahadi sai sun yi shawara, har yau ba su gama shawarar ba. Yarinyar nan da ka san wadda nake nufi, ubanta ya hana ta gaishe ni a rijiya. Ni ma na sami rabona. Na miƙe a taron zumunta na ce na janye abin da na faɗa shekarun baya, na ce ɗana yana dara kuma ba ɓarawo ba ne, ba kuma ɗan caca ba. Da aka zo sabon zaɓe ba a mayar da ni ba. Rifkatu takan gaishe ni yanzu kamar an sa ta dole. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in na auna shi da zaman da na yi a bakin ƙofar ɗakin dagaci da kwanon tuwo, sai in ga ba a ma haɗa su.

Ba ka san na je ruga ba. Na kama kaza na ɗebi dawa na bi surukar Malam Buba wata ranar da ka tafi Funtuwa sayen akwati. Na same shi a gindin tsamiya, ga gurabenku nan ƙasa ta yi sumul saboda zama. Na durƙusa na yi godiya, ya ce in tashi, shi abokin wasansa ya je ƙwatowa, don duk rugar babu mai iya tsaya masa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko kuna sa wani abu a kai.

Ya ce, "Ko goro. Wani baƙo ya taɓa ajiye sulai a gefe ya ce a yi a kansu, ɗanki ya sa hannu ya share guraben ya hau kekensa. Sai da na aika aka ba shi haƙuri."

Na ce, "Baffa, kai ba ka jin kunyar mutane?"

Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana ma sun yi ta fama da ni. Wai tsoho da carbi a hannu yana wasa da ƙasa, in shiga bukka mana in ɓoye. Na ce musu Allah yana ganina a bukka kamar yadda yake ganina a nan. In haram ne, bukka ba za ta halatta shi ba. In ba haram ba ne, me zai raba ni da inuwa?"

Na dawo ina ta juya maganar. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya na asali ba, ya san ɗana fiye da ni, kuma a wurinsa ka sami inuwar da ban ba ka ba.

Saboda haka ga abin da nake so da kai a Zariya. Tun makon farko, in hira ta kawo, ka faɗa wa abokan ɗakinka kana dara kuma kana sonta. Kada ka jira su gano. In za ka haƙa gurabe, ka haƙa inda malamai ke wucewa, ba bayan ɗakin girki ba. Wani zai yi dariya ya ce wasan tsofaffin ƙauye ne, wani a majami'a zai ɗaure fuska. Ka bar su. Wanda ya raina ka a kan gaskiyarka, ka san matsayinka da shi tun wuri, ka huta. In wata rana ka je neman aure uban yarinya ya tambaye ka abin da kake yi in ka taso aiki, ka faɗa masa da bakinka kafin maƙwabta su faɗa masa da nasu.

Amma tsorona na dā bai mutu duka ba, kuma ba na so ya mutu. Birni ne, akwai rumfunan da suka cinye kakanka, kuma ba a rubuta musu suna a ƙofa. Ranar da aka ajiye wani abu a gefen wasa, ko ƙwayar sukari ce, ka yi abin da ka yi a ruga. Kada kuma dara ta ci maka lokacin karatu ko na sujada. Alamar da za ka riƙe ita ce wannan: duk wasan da ka ji ba za ka iya gaya mini ka yi shi ba, ka tsaya ka tambayi kanka, wasan ne ya lalace ko tsohon tsorona ne ya biyo ka. In tsorona ne, ka taka shi ka wuce.

Na san yana biye da kai, don na gan shi yau. Da azahar, ana gobe za ka tafi, ka zo ka ce mini, "Mama, zan kai keke faci." Tanko, da safe a gabana babanka ya hau keken nan ya je gona ya dawo, tayarsa lafiya lau. Ka dawo da yamma da ƙasa a gwiwoyin wandonka da gorar nono ɗaure a bayan keke. Sallama ka je yi da tsohon da ya cece ka, abin da da ka faɗa mini da na ba ka saƙo ka kai masa. Bayan dagaci, bayan taron zumunta, bayan duk abin da ya wuce, bakinka bai iya ce mini "zan je dara" ba. Na ce maka sannu da zuwa, na karɓi nonon. Ban ji haushinka ba. Tsorata na yi da na ga zurfin ramin da na haƙa. Shi ya sa da ka fita sallama da abokanka na ɗauko biro.

In za ka rubuto, kada ka cika mini takarda da "ina lafiya, abinci da kyau." Ka faɗa mini ko ka sami abokin wasa a can, ɗan wane gari ne, wa ya ci wa. In an cinye ka ma ka faɗa, kada ka rage. Ranar kasuwa zan nemi surukar Malam Buba a layin masu nono in ba ta labarin ta kai masa, kuma ba raɗa zan yi mata ba.

Ubangiji ya kiyaye ka daga mugun aboki da mugun ciwo da haɗarin hanya. Ya ba ka basira a aji, ya ba ka farin jini wurin malamanka, ya sa ka kwanta kullum ba abin da kake tsoron a gano. Ya dawo mana da kai lafiya lokacin hutu. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu